Asabe Mai Ba Jirgi Ruwa

Ni Aƙilu, mai buga tafireta a bakin gidan waya, na taɓa durƙusa wa direba har ƙasa ina ce masa "ranka ya daɗe, Barista". Gara in faɗa da bakina kafin 'yan Ƙofar Kibo su ƙara masa gishiri. A harabar kotun majistare ne, cikin azumin 1990. Na hango mutum tsaye jikin wata Marsandi, baƙar rigar lauyoyi rataye a hannunsa, ga ƙatuwar jaka. Na tuɓe takalmi, na zube, na kwashe kusan rabin sa'a ina zayyana masa damuwarmu, har da 'yan kalmomin Turancin da nake ɓoyo don irin wannan rana. Yana ta gyaɗa kai. Da na kai aya sai ya ce, "Allah sarki. To bari maigida ya fito daga bayi, sai ka maimaita masa."

Asabe tana bayana da bokiti a ka. Ba ta yi dariya ba, kuma abin da ya ba ni tsoro ke nan. Taubashiyata ce, 'yar kawuna, tun muna yara ban taɓa yin tuntuɓe ta bar shi ya wuce ba ta yi masa waƙa ba. Ranar cewa kawai ta yi, "Tashi, ɗan Goggo, rana na yi."

Bari in gaya muku wace ce Asabe, da abin da ya kai ta kotu da bokiti.

A Ƙofar Kuyambana aka haife ta, gidan marina. Da ta isa aure ga malamai ga 'yan kasuwa suna zarya, ita kuwa ta ce sai Bahago, wani dogon baƙauye mai fito a kogin Galma, wanda ya taɓa ƙetarar da su zuwa biki. Sunansa na yanka Yakubu, amma da hagu yake komai in ban da cin abinci, shi ya sa sunan ya ɓace. Kawu ya yi faɗa ya gaji. "Mu da muka gaji karofi, ki rasa wanda za ki aura sai mai kwana da kwaɗi?" Aka ɗaura, suka kama gida a Ƙofar Kibo, ta haifi biyar, tana daddawar da sai ka shiga lungunsu za ka san ta yi. Ba ta iya iyo ba. Sau biyu tak ta taɓa shiga jirgin mijinta, na biyun ma idonta a rufe.

Jirgin kwale-kwale ne na maɗaci guda, uban Bahago ya sassaƙa, yana ɗaukar mutum goma sha biyu da kayansu. Da damina, in Galma ta cika ta batse, shi ke ƙetarar da manoma da masu tallan nono da masu rake a wani mashigi da ake ce wa Mashigin Kuka. Abin da ya samu a wata biyar ɗin nan shi ne hatsin gidan na shekara. Daddawa miya kawai take saye.

To ga abin da mutumin birni bai sani ba, ni ma sai a wannan shekara na sani. In rani ya yi, ruwa ya janye har yaro na ratsa kogin da ƙafa, mai fito ba ya jawo jirginsa tudu. In ya yi haka rana za ta busar da itacen ya tsage, ya zama makamashi. Gurbi mai zurfi yake nema, inda ruwa ba ya ƙafewa, ya jera duwatsu a cikin jirgin, ya nutsar da shi, ya ɗaure da igiya a jikin turke. Can zai yi rani a kwance, sai ruwan farko ya sauka a je a tashe shi. Haka Bahago ya yi shekara ashirin da wani abu, haka ubansa ya yi.

A waccan shekarar sai leburorin Alhaji Dogara mai tifa, masu haƙar yashi, suka ci karo da shi a gurbin. Suka kwashe duwatsun, suka fito da shi. Alhaji ya sa aka shafe shi da shuɗin fenti, ya ce tsintuwa ce, ya ce ya yi cigiya a tasha ba wanda ya amsa, ya shiga jigilar yashi da shi. Labari ya iso wa Bahago. Bai je wurin Sarkin Ruwa ba, bai je wurin kowa ba. Ya hau kekensa da rana tsaka, ya tarar da jirginsa a ɗaure, ya kwance ya tuƙa shi ya tafi, leburori na kallo. Kafin la'asar yana hannun 'yan sanda. Laifi, satar jirgi.

Mai unguwa ya karɓo belinsa. Amma Bahagon da ya dawo ba shi ne ya tafi ba. An ratsa da shi kasuwa da ankwa. Ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya, ko masallaci sai ya ga sahu ya cika yake raɓawa ƙarshe. Jirgin kuwa aka ɗora a mota aka kai harabar kotu a matsayin kayan shaida, aka yasar kusa da wasu ruɓaɓɓun babura, inda babu inuwar ko da tsinke. Ƙarshen Maris ne. Wanda ya san zafin bazarar Zariya ya san abin da nake nufi.

Asabe ta je ta gani, ta dawo ta tambayi mijinta kwana nawa maɗaci ke jure rana. Ya ce da bango, "Wata ɗaya. In ya yi ƙoƙari, da rabi."

Washegari ta ɗauki bokiti.

A garin da famfo ke yin mako yana tari babu ɗigo, a cikin azumi, matar nan ta riƙa ɗebo ruwa daga rijiyar wani masallaci da ke bayan kotun tana kwarara wa jirgi. Sahu takwas da safe, sahu shida bayan azahar. Leɓenta ya farfashe, jirgi na sha. Mai gadi ya ce doka ta hana taɓa kayan shaida, ta ce, "Baba, ruwa ne ke taɓawa, ni daga nesa nake." Ya ƙyale ta. Masu zuwa shari'a suka sa mata suna Mai Ba Jirgi Ruwa, wasu na cewa taɓuwa ce. Kafin ta juya da bokitin ƙarshe na farko ya bushe.

Zaman farko, Alhaji Dogara ya zo da lauyansa yana zaune kusa da ɗan sanda mai gabatar da ƙara, yana raɗa masa magana. Bahago ya zo da ni. Lauyan ya miƙe ya yi Turanci na minti uku, aka ɗaga shari'a mako biyu. A bakin ƙofa Asabe ta kama hannun rigata.

"Kai da kullum kake cika mana baki lauyoyi abokanka ne, yau ga ranarka."

Gaskiya na faɗa. Takardun rantsuwa nake bugawa, masinjojinsu ke kawowa. Amma ka ce da taubashiyarka masinja ka sani? Na ce, "'Yar Kawu, sha kuruminki. Kafin jibi sai kin zaɓa kin darje." Jibin ne na durƙusa wa direba.

Daga nan muka shiga Sabon Gari neman lauya. Na farko ofishinsa a bene, sanyi kamar cikin randa. Da ya ji jirgin ruwa ne sai ya gyara zama, ya jawo wani littafi mai kaurin turmi, ya ce shari'ar jiragen ruwa babba ce, a Legas ake yin ta. Jirgin yana da rajista? Inshora fa? Wace tuta yake ɗauka?

Asabe ta ce, "Ranka ya daɗe, takardarsa kututturen maɗacin da aka sara, yana nan a ƙauyensu. Ni tambaya ɗaya gare ni. Ina jirgi ke yin rani?"

Ya dube ni, na dubi silin. Ya ce, "A tasha, ina ji." Ta gyara mayafi ta miƙe.

A kan matakala na ce, "Ke lauya kika zo nema ko masunci?"

"Wanda bai san dalilin da ya sa aka nutsar da shi ba, me zai gaya wa alƙali?"

Na biyu dattijo ne, bai yi mana ƙarya ba, shi ya sa tasa ta fi zafi. Ya ce mutumin da ya loda wa kayansa duwatsu da hannunsa ya tura ƙarƙashin ruwa ya tafi wata uku, a idon kotu ya yar ne. Ya ce Bahago ya amsa laifi, a roƙa masa sassauci, a ci shi tara, ya koma gida. "Jirgin fa?" in ji Asabe. Ya ce, "Hajiya, itace ne." Ta ce, "Sunan ɓarawon fa, shi ma itace ne?"

Na uku ni na kawo shi, kuma har gobe ina jin kunya. A gindin mangwaron kotu yake zama, bakinsa kamar rediyo. Asabe ta yi masa tambayarta, ya yi dariya ya ce ai ko jaririn lauya ya san wannan, ya wuce bai faɗa ba. Ta ce ba ta yarda da shi ba. Na rantse mata, na ce lokaci na tafiya. Ta sayar da akuyarta mai ciki ta ba shi. Ranar zama ya aiko da 'yar takarda wai yana Kaduna. Aka ɗaga mako uku.

Mako uku! Na ga leɓenta na motsi tana ƙirga rana.

Ana saura kwana shida salla Asabe ta aiko a kira ni daga gidan waya. Na same ta zaune a ƙasa jikin jirgin, bokiti a kife. Ta kama yatsana ta ɗora a ƙasan jirgin wajen gindi. Tsaga ce, tsawon taƙi guda, siririya kamar zare, amma farcena ya shiga. Rijiyar masallacin kuma ta koma laka, ladan ya roƙe ta don Allah ta bar wa masu alwala abin da ya rage.

"Kada ka gaya wa maigidan," ta ce. "In ya ji ya tsage, shi ma zai tsage."

Ta ƙara da cewa, "Aƙilu, yara biyar. In damina ta faɗi babu jirgi, daddawa za mu ci da ruwa?" Tun da nake ba ta taɓa kirana da sunana ba sai ranar.

Ta koma ɗebo ruwa daga wani gida mai nisa, sahu ya ragu zuwa huɗu. Salla ta zo ta wuce, gidansu ba a ɗinka ko hula ba. Tsagar ta kai kamu ɗaya.

Kwana uku bayan salla ta je da safe ta tarar an lulluɓe jirgin da buhunan algarara jiƙaƙƙu, tun daga kai har gindi, an kuma cusa ɗanyar ciyawa a ƙarƙashinsa. Buhu na riƙe laima har azahar, abin da bokiti goma ba ya yi. Ta ruga wurin mai gadi. Ya ce wani gajeren mutum ne mai tsohuwar Besfa, ya kan zo shari'ar gonaki, kwana biyu ke nan yana tsayawa yana danna itacen da babban yatsa yana tsaki.

Da ta kwatanta mini na gane shi. Na ce, "Ndagi? Wannan Banufen? Haba 'yar Kawu! Kwat ɗinsa ɗaya, ta koɗe. Ni nake buga masa takardu don ko tafireta ba shi da ita. Ban taɓa jin ya ci shari'ar da ta fi ta iyakar gona ba."

"Ina yake?"

Ban sani ba. Mutumin da nake yi wa aiki shekara biyu, ban taɓa tambayar inda yake ba, don ba shi da Marsandi. Kwana biyu muna yawo, Tudun Wada lungu-lungu, sannan wani mai facin taya ya ce mu gwada Gyallesu. Can muka same shi, shago ɗaya a jikin wani gida, tebur da benci, allon sunansa jingine a ƙasa don ƙusar ta fita.

Asabe ko zama ba ta yi ba. "Kai ka rufe jirgin?"

Ya ji kunya kamar an kama shi da laifi. Ya ce ta yi haƙuri, ya kasa jurewa ne, shi a bakin Kwara aka haife shi, ubansa masunci ne.

"Ina jirgi ke yin rani?"

"A ƙarƙashin ruwa mana, Mama. Ina kuma zai yi?"

Ta zauna a bencin, ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe ta ce, "To kai ne."

Ya ce a'a. Ya ce sanin jirgi daban, sanin kotu daban. Bai taɓa kare wanda ake tuhuma da sata ba. Lauyan Alhaji Dogara kuma malaminsa ne, shi ya koya masa, in ya ɗaga murya har yanzu gwiwarsa na rawa. In ya faɗi, mijinta gidan yari zai tafi. Ya ce zai rubuta mata sunan wani babba.

Ta ce, "Manya na gama da su. Ɗaya ya aike ni Legas, ɗaya ya ce itace ne, ɗaya ya cinye mini akuya da ɗanta a ciki. Kai ba wanda ya aike ka, ka sayi buhu da kuɗinka ka jiƙa. Gwiwarka ta yi rawa, ba da gwiwa ake magana ba. Ba zan tashi daga bencin nan ba."

Ya dube ni neman ceto. Na ce, "Barista, ni shekara arba'in da biyar ina neman hanyar da ake tsere mata."

Kada ku ɗauka waliyyi ne, ya karɓi haƙƙinsa. Kwallayen aurenta na jere suka tafi, bangon ɗakinta ya zama fayau. Amma a ranar ya hau Besfa ya je ya zauna da Bahago, suka yi ta zancen gorar tuƙi da igiya har na ji muryar Bahago daga zaure, karo na farko cikin wata guda.

Ranar zama, Ndagi ya miƙe. Malamin nasa ya dube shi ta saman tabarau. Na ce a raina mun mutu. Bai yi dogon Turanci ba. Ya roƙi majistare, don girman Allah, kotu ta fita waje ta dubi kayan shaidarta, don in aka ƙara mako biyu babu abin da za a yi shari'a a kai sai itacen girki. Malamin ya yi tsalle ya ce ɓata lokaci ne. Majistaren, wanda kullum ta tagarsa yake hangen mace da bokiti, ya ce a fita.

A rana muka tsaya. Ndagi ya yaye buhunan, kuma da ya dafa jirgin sai tsoron malamin ya bar shi. Ya kira shugaban leburorin ya tambaye shi yadda suka sami duwatsun. Ya ce a jere, manya a tsakiya. Igiya fa? Akwai, a ɗaure da turke, su suka yanke. Ndagi ya ce, "Kai in ka yar da abu, ɗaure shi kake yi kada ya tafi?" Mutumin ya sosa ƙeya. Sannan ya nuna wa majistare gefen jirgin wajen gindi, inda gora ke gogar itace in ana tuƙi. Na dama sumul. Na hagu ya cinye, ya yi kwarmi har hannu na shiga, fenti bai iya ɓoye shi ba. Ya miƙa wa Bahago sanda ya ce ya riƙe kamar yana kan ruwa. Sandar ta faɗa kwarmin kamar don ita aka yi shi.

Ba a yanke hukunci ranar ba. Amma majistare ya ba da umarni a mayar da jirgin ruwa a hannun Sarkin Ruwa har a gama, kuma tifar Alhaji ce za ta kai shi.

A bakin gurbin ne Bahago ya ga tsagar. Ta kai kamu biyu. Ya tsaya yana kallo har na ɗauka faɗuwa zai yi. Asabe ta kwance tsohon zanen da take yin gammo da shi, ta kekketa, ta miƙa masa. Shi da Ndagi, lauya ya naɗe wando har gwiwa, suka cusa tsumman da bakin wuƙa, suka bi da narkakkiyar kwalta. Suka jera duwatsu. Jirgin ya yi ƙasa a hankali, shuɗin fentin ya dusashe a cikin ruwa har ya ɓace. Asabe ta rangaɗa guɗa. Ban taɓa ganin inda mutane ke murna jirginsu ya nutse ba sai ranar.

Sai da aka ƙara wata huɗu ana ɗagawa kafin a sallami Bahago, amma Sarkin Ruwa ya bar shi ya yi fitonsa da damina ta sauka. Jirgin bai koma yadda yake ba. Mutum bakwai yake ɗauka yanzu, kuma yana yoyo. Ita ta yi kwana arba'in tana zuba masa ruwa, shi Bahago shekara shida ke nan yana kwashewa da ƙwarya. Kwallayen ba su dawo ba, bangon na nan fayau. Ndagi ya sayi tafireta, na rasa ciniki.

Makon jiya na je Ƙofar Kibo na same ta tana tsakar daddawa. Na ce mata ina rubuta labarinta, kuma zan sa cewa ni na samo lauyan, tun da ni na fara faɗin sunansa. Na ƙara da cewa in ba don bakina ba da yanzu da jirgin ake dafa daddawar nan.

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Rubuta, ɗan Goggo. Jirgi ya tsage kamu biyu, tsumma ɗaya ya toshe shi. Bakinka ne har yau ba a saƙa zanen da zai isa ba."